Wayar Hon Mai Farar Filasta

Ko da Sajan ya iso kwanar kasuwa, an riga an kwashi tsoho mai gyaran agogo da babur ya buge zuwa asibiti, can kuma rai ya yi halinsa. Babur mai caji na kwance a bakin kwata. Mai shi, wani ɗan aike da ake kira Dogo, sai rantsuwa yake yi.

"Wallahi na danna hon, ranka ya daɗe! Bai yi ƙara ba."

Irin wannan babur tafiyar kyanwa gare shi, ba a jin tahowarsa. Shi ya sa doka ta ce wanda ya cire masa hon har ya buge mutum, laifin na wuyansa. Sajan ya buɗe murfin gaba. An yanke wayar hon, an naɗe bakinta tsaf da farar filasta. In Dogo ne ya yanke, gidan yari ke jiransa.

Sajan ya fara da bakaniken da ke duba babur ɗin.

"Filastar ciwo? Haba Oga, ni bakanike ne, ba nas ba. Baƙin tef nake sawa."

Sai wani ɗan aike da suka yi cacar baki da Dogo kan kwastoma. Shi kuma tun shekaranjiya yana kwance da zazzaɓi, maƙwabta sun shaida.

Abu ɗaya ya tsaya wa Sajan a rai. Mai mugunta ba ya ɓata lokacin naɗe waya don kada ta ji wa wani ciwo. Wannan aikin mai tausayi ne, kuma na gida.

A gidan su Dogo, wurin ajiye babur na ƙarƙashin tagar mahaifinsu, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Yara cike da tsakar gida. Yayar Dogo na durƙushe tana wanke wa tsohon gyambon kwanciya, almakashi da filasta a gefenta.

"Baiwar Allah, yaran nan suna taɓa babur?"

Ta dubi Sajan, ta dubi filastar, sai hawaye.

"Hon ɗin yana ƙara ko ba makulli. Da Dogo ya ajiye sai su yi ta dannawa, Baba kuma da ƙyar yake samun barci. Jiya na yanke. Na ce da safe zan gaya masa. Ina cikin wanke Baba ya fita."

Sajan bai taɓa baƙin cikin gano gaskiya kamar ranar ba. Ya koma ofis, ya kai wa shugabansa rahoto, sannan ya buɗe wa Dogo ƙofar ɗakin da aka tsare shi ya yi masa bayani.

Dogo ya ƙi tashi.

"Ranka ya daɗe, ka ce ni na yanke."

"Na riga na kai rahoto, ɗana."

"To wa zai riƙa juya Baba? Ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai ita."

Sajan ya tsaya riƙe da ƙofar a buɗe.