Alamomin Tambaya a Kundin Marisol

Ranar da Anton Penner, ɗan manoman nan na ajinsu, ya fara kula Marisol Quiambao, tana zaune ne a ɗakin ɗaliban digiri na uku a Winnipeg ta ƙasar Kanada, ta yi tagumi gaban kwamfuta kamar wadda aka aiko wa rasuwa. Duk inda ya kamata sunan littafi ya fito a rubutunta, alamar tambaya ce zaune.

"'Yar Tambaya, me kwamfutar ta yi miki?"

"Manomi, wuce ka ba ni wuri."

Bai wuce ba. Ya ja kujera ya nuna mata yadda ake buɗe fayil guda na madogara, a zuba kowane littafi da marubucinsa da shekararsa, a raɗa masa ɗan gajeren suna. Da ka kira sunan a rubutu, manhajar za ta ɗauko sauran da kanta. Fayil ɗin suka bar shi a ma'ajiyar Anton ta intanet, kowa na zubawa, kowa na ɗiba. A haka so ya shiga, ba sallama.

Sai dai mahaifiyarta, Nanay, ta ce atafau. Ɗan ƙauye, kuma ba ɗan cocinsu ba? Ga Renato likitan haƙori yana ta zarya! Wata Lahadi Anton ya ga hoton Marisol gefen Renato a walimar gidansu, dangi na ta sa albarka a ƙasa. Bai tambaye ta ba. Ya rufe ma'ajiyarsa, ya koma gonar iyayensa.

Wayyo Marisol! Makon miƙa kundinta ne, wanda in ya wuce shekara ta tafi a banza. Ta buɗe aikin, sai ga alamomin tambaya daga farko har ƙarshe. Ba asarar ce ta fi ci mata rai ba, a'a, tunanin cewa da gangan ya yi mata. Ta daina cin abinci, ta daina tsefe kai. Da ƙyar ta rubuta masa:

"Ka tafi, na haƙura. Amma har da aikina, Anton? Ashe haka ka tsane ni?"

Shi kuwa wayar tana aljihun riga a rataye, yana can yana fama da shanu da baƙin cikinsa.

Nanay ta same ta a teburin kicin tana kuka kan takardun. Ta ɗaga shafi ɗaya, ta ɗaga wani.

"Renato ba zai iya gyarawa ba?"

"Nanay, ba lalacewa ya yi ba. Abin da muka tara tare ne, kuma yana hannun Anton."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon 'yarta da ta rame kamar kara. Ta yi tsaki.

"Ba ni lambar wayar gidansu."

Nanay ta kira gidan da kanta. Washegari Anton ya iso da dusar ƙanƙara a takalmi, ido jawur.

"Wallahi ban san kundinki daga nan yake ɗiba har yanzu ba. Na zauna in ware naki in aiko miki, Mari, na kasa. Ban gane wanne ne nawa, wanne ne naki ba."

"Da ka tambaye ni zancen hoton fa? Gefensa aka zaunar da ni, ba ni na zauna ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya buɗe ma'ajiyar, ta sake buɗe aikin, sunaye suka dawo mazauninsu. Nanay ta dangwarar masa da farantin taliya.

"Ci, ɗan nan. In ka sake sa ta kuka, da ni za ka yi."

Da bazara aka ɗaura aure, limaman coci biyu gefe da gefe. Nanay ta riƙe hannuwansu duka, ta sa musu albarka.

"Allah ya haɗa kanku yadda ko ku da kanku ba za ku iya warewa ba."