Haƙoran Hoani

"Kashe abin nan, Ngaire."

Ngaire ta juyo a razane. Uwar mijinta marigayi ce tsaye a ƙofar ɗakin gwaji, ruwan saman garin Dunedin na ɗiga daga rigarta. A bayanta Bronwyn, abokiyar aikin Ngaire, ta duƙufa kan takardu kamar ba ita ta buga wa tsohuwar waya ba.

Injin tauna bai fasa aikinsa ba. Ƙas... ƙas... ƙas...

Shekara uku ke nan Ngaire na gwada ƙarfin haƙoran tangaran, a ga cizo nawa za su jure kafin su tsage. Kowanne daga zubin bakin mijinta Hoani aka kwafe shi, domin shi ya fara ba da bakinsa aka auna, yana ta dariya, wata biyu kafin teku ta cinye shi. Har yadda yake karkata muƙamuƙi hagu injin ya ɗauka. In ta rufe ido sai ta rantse yana gefenta yana cin tuffa.

"Mama, zubi ne kawai, farar ƙasa ce..."

"Daga kansa aka ɗauko. Ke 'yar ƙabilar Maori ce, sai na koya miki abin da ya fito daga kan mutum ba abin wasa ba ne? Ba mu samu gawarsa ba, 'yata. Ramin da muka haƙa babu kowa a ciki. Ashe ɗana yana nan, kin bar shi yana ta tauna ba ya haɗiyar komai."

Ngaire ta juya ta kalli zubin da ke cikin injin.

Lachlan, injiniyan da ke kula da injin, ya matso a hankali. Sau biyu yana neman aurenta, sau biyu tana cewa sai an gama gwaji, shi kuwa bawan Allah ya san gwajin nan ba na gamawa ba ne. Bronwyn kuwa ta daɗe tana sonsa a ɓoye, kishin da ya kai ta tona asirin ke nan.

"In aka cire zubin, rabin sakamakonki ya tafi," ya ce wa Ngaire. "Zan iya kwafe shi yanzu, minti ashirin."

"Ka kwafa?" in ji ta. "In ka kwafa, masoyi, ba zan taɓa zuwa gare ka ba. Na san kaina."

Ta miƙa hannu ta danna makunnin injin, ta kashe shi.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Sai a lokacin ta yarda Hoani ya mutu, ta durƙusa tana kukan da ba ta yi ba tun ranar da ya ɓace.

Ranar Asabar suka binne zubin a maƙabartar dangi, naɗe cikin tabarmar saƙa. Lachlan ne ya tuƙo su awa biyar, ya tsaya daga wajen shinge, hula a hannu.

A bakin ƙofar maƙabartar tsohuwar ta ɗebi ruwa ta wanke hannu bisa al'adarsu, ta yayyafa wa Ngaire a ka. Sannan ta ƙare wa Lachlan kallo sama da ƙasa.

"Dogon nan ya iya cin abinci kuwa? Dubi yadda ya rame."

"Mama..."

"Kira shi. Na binne ɗana yau, ba zan binne ki tare da shi ba."