Takardar da Thirza Ta Ƙi Sa wa Hannu

Thirza Pengelly ta kashe injin jirgin saman, yatsunta sun ƙage don sanyi. Awa biyu ta yi a ƙarƙashin gajimare, ba rediyo, ba bindiga, sai taswira a cinya da layin dogo da take bi da ido tun daga masana'anta har wannan sansani na gabashin Ingila. Aikin mata matuƙa irinta ke nan tun da yaƙi ya kwashe maza: su ɗauko sabon jirgi, su kai wa masu yaƙi da shi, a sa musu hannu, su juya.

Duk da gajiyar, ranta fari ƙal, don a nan Aubrey yake. Wata uku rabonta da shi, ga bikinsu saura mako bakwai.

Tana saukowa makanikai suka yi ta leƙa bayanta, wai suna jiran matuƙin ya fito. Da ta cire hula gashi ya zubo, sai wani tsoho a cikinsu ya kwashe da dariya, ya ce a kira mazajen nan da suka sa wa irin jirgin suna Sa-mata-takaba, su zo su ga wadda ta kawo musu dodon nasu. Ita ma ta yi dariya, ba ta san wa aka tsokana ba.

Aubrey Lathom shi ne shugaban matuƙan sansanin. A ofis ta same shi, ko tashi bai yi ba. Ta ce, "Masoyi, ko sannu da hanya babu?" Ya ce ta rufe ƙofa.

Ta miƙa masa takardar karɓar jirgi, haɗe da wadda kowane matuƙi ke rubuta lahanin da ya ji a hanya. Ya ture su gefe, ya turo mata tasa, bugaggiya da tafireta. Ta karanta sau biyu. Wai matuƙiya ta buga jirgin da ƙasa wajen sauka, ƙafar jirgin ta hagu ta lanƙwashe, laifin nata ne.

Kai, jama'a! Jirgin da ya sauka lafiya lau, injinsa ko hucewa bai yi ba, ba wanda ya duƙa ya duba ƙafarsa. Ashe tun tana sama aka rubuta mata laifi.

"Aubrey... mene ne wannan?"

"Sa hannu kawai. Kwamiti zai zauna, a sallame ki ba hayaniya. Ki koma gida, mu yi aurenmu."

"Da ƙarya?"

"Da ranki, Thirza."

Ya ciro wasiƙa daga aljihu. Tun daga nesa ta gane rubutun mahaifiyarta, ya ƙara karkacewa tun da teku ta ci wanta Denzil bara. Mama ta rubuta cewa ba ta iya cin abinci, duk jirgin da ya gifta ta saman gida sai ta fito tsakar lambu. Ta ce, ɗana, ka roƙar mini ita ta bar tuƙin nan, kai tana jin maganarka, ita kaɗai ta rage mini.

Hawaye ya cika idon Thirza. Gaskiya ta kusa amincewa. Har ta ɗauki alƙalami, don uwa uwa ce, kuma mutumin nan tana son sa, so na gaske, irin mai hana mutum ganin gabansa.

Sai ta sake duba wasiƙar. Ta ce masa a nan roƙo Mama ta ce, ina wurin da ta ce a ɓata mata suna? Ya shiga ninke wasiƙar. Ta maimaita. Nan fa tulu ya fashe.

"Kin san abin da kika ja mini yau? Ni na rubuta wa manya cewa irin jirgin nan ba ya sauka lafiya a hannun kowa. Ni! Sai ga ki kin sauke shi a gaban yarana kamar kina ajiye kofin shayi. Da wane ido zan kalle su?"

Tir da wannan magana. Ashe ba tsoron mutuwarta ne ya hana shi sukuni ba, tsoron dariyar makanikai ne. Hawayen tsohuwa ya samu ya yi mayafi da shi. Thirza ta dubi bakin da ta sha sumbata. Ta ajiye alƙalamin.

Ya sassauta murya, ya kira ta abar ƙaunarsa, ya ce wa zai tuna da wannan bayan yaƙi? Ta ce ita za ta tuna, kowace safiya, idan ta farka ta gan shi a gefenta. Ta ce in ta sa hannu, gobe kowace mace da ta kawo irin jirgin za a ce ai ga abin da 'yar'uwarta ta yi.

Ta jawo takardar lahani ta dangwara a gabansa. "Injin hagu yana zafi fiye da kima. Wannan ne gaskiyar jirginka. Karanta kafin ka saka ɗan wani a ciki."

Kunya ta sa ya rattaba hannu a takardar karɓa. Ta ninke ta, ta zare zoben da ke yatsarta, ta ɗora a kan ƙaryarsa. Ta saɓa laimarta ta dirowa daga jirgi a kafaɗa, hawaye na zuba, ba ta share ba. Ƙaramin jirgin da ke mayar da matuƙa irinta ya riga ya iso, tana jin kukansa a waje.

Tana kama ƙofa ya ce, "To me zan ce wa mahaifiyarki?"

Ba ta juyo ba.

"Ka ce mata na sauka lafiya. Shi kaɗai take son ji, kuma yau dai ba sai ka yi ƙarya ba."