Garwashin Tsallaken Rafi

Ku matso ku ji, ko da yake ba kwa gode mini.

A wani gari da gajimare ke sauka kan bukkoki, ruwan sama ya kashe wutar kowa. Wata yarinya ta tsallaka rafi ta ɗebo garwashi ɗaya, don ta dama wa kakarta marar lafiya kunu.

Ta ɗora kara, ta hura, ta hura, ta hura. Toka ta tashi, garwashin ya ƙanƙance.

Kakar ta ce, "Ke 'yar nan, hura wutar kike ko faɗa kike da ita?"

"Kaka, mutuwa za ta yi."

"Numfashin nan Allah ke ara miki. Tsaya ki karɓa tukuna."

Yarinyar ta lumshe ido. Iska mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta shige ta a hankali, ba tare da ta kira ta ba. Ta yi bismilla, ta hura kaɗan, ta jira. Ta hura kaɗan, ta jira. A cikin jiran nan karan ya kama.

Kaka ta sha kunu har da gumi. Ni kuwa da na kawo muku labarin, ko ludayi ɗaya ba a sammini ba.