Wanda Ya Yaye Rufin Sito

Gari ya waye a Wagini da ruwan sama, sabon siton Alhaji Yasir kuma ya waye babu rufi. An yaye kwanon kaf, ruwa ya kwanta a daɓen siminti. Kafin Sajan Nurain ya iso daga Batsari a kan babur, har an ɗaure Jinjiri magini a gindin darbejiya.

A bakin Alhaji maganar a fili take. Gaban maigari suka yi yarjejeniya: makullin sito na hannun Jinjiri har a biya shi cikon kuɗin aiki, amma in ya taɓa ko ƙusa ɗaya, ya rasa cikon, ya rasa makullin.

"Gajiya ya yi da jira, Yallaɓai, ya biya kansa," in ji Alhaji yana jan carbi.

Nurain ya sa aka kwance maginin. "Kai ka yaye?"

"Ranka ya daɗe, kwanon nan bashi na ɗauko a Batsari da sunana. In ba a biya ni ba, gonata za ta tafi. In na yaye, wa na cuta?"

Aka bincika gidansa, babu ko falle. Sai maƙwabta suka ce jiya sun ga jakunan Usaini mai jigilar kaya a ƙofar siton. Aka kira shi, ya zo.

"Me ka ɗauka?"

"Wake, wallahi. Alhaji ya sa ni."

"Wane wake?"

Jinjiri ne ya amsa. Tsohon wake ne da Alhaji ya ɓoye yana jiran tsada. Alhajin ya roƙi a bar shi ya ajiye a siton, Jinjiri kuma kunya ta hana shi ƙi. Jiya ya sake buɗe masa aka kwashe.

"Kasuwa aka kai?"

"A'a, tsohon zaurensa," in ji Usaini.

Nan ran Nurain ya ɓaci. Ɗan manomi ne shi, ya san tsakar damina babu mai fitar da wake daga ɗakin siminti ya kai zauren ƙasa mai yoyo, sai in ya san abin da zai sami ɗakin. Ya wuce gidan Alhaji kai tsaye. Buhunan waken na zaure, an lulluɓe su da leda, a bushe ƙayau. A bayan garke ya sa aka ɗaga tarin harawa, sai ga kwanon nan a jere, ramukan ƙusa sababbi.

"Alhaji, ka tuna yarjejeniya, ka tuna 'yan ƙwadagon da za su yaye maka, ka tuna har wakenka," in ji Nurain. "Ka yarda a ɗaure mutum ya rasa gonarsa, amma ba ka yarda ƙwayar wake ta jiƙe ba."

Carbin ya tsaya cak. Nurain ya sha kama ɓarayin shanu, amma babu wanda ya taɓa ba shi ƙyama irin wannan. Ya tofar da yawu, ya fiddo ankwa.

Jinjiri ya matso yana murza sawun igiya a hannunsa, ya dubi hadarin da ke haɗowa ta gabas.

"Ranka ya daɗe, a ba ni kwanon in mayar. Bangon nan ni na gina shi, kada ya jiƙe."