Ƙamshin Labanda da Barcin Auta

Ranar Talata ce, sha huɗu ga watan uku, ƙarfe shida da minti ashirin da biyu na yamma, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan mai gyaran agogo. An san lokacin daidai, domin yana cikin saita agogon bango ne ya ji ƙarar. Dutsen ya gangaro a hankali ya faɗi tsakar gida. Da ya ɗauka sai ya ji shi da ɗumi, kamar an daɗe ana riƙe da shi a tafin hannu.

Su huɗu ne a gidan: shi Mai Agogo, da matarsa da ake kira Nas saboda shekara talatin da ta yi tana jinyar marasa lafiya, da yayarsa Gwaggo, da 'yarsu Auta, tela mai shekara ashirin da biyu. Dā su biyar ne. Babban ɗansu ya rasu a hatsarin mota shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tun daga nan barci ya ƙaurace wa uban. An sha maganin asibiti har an gaji. Abin da ya karɓe shi a ƙarshe shi ne labanda, wani ɗan tsiro mai fure shunayya da ƙamshi mai kwantar da hankali. Nas ta shuka tukunya bakwai ta jera a bakin taga. Takan shanya furen a inuwa, ta ɗinke shi a 'yan jakunkuna, ta sa a ƙarƙashin matashi. Da magariba kuma ta ɗiga man furen, ɗigo uku ba ƙari, a ɗan kasko mai ruwa, ta kunna kyandir a ƙarƙashi. Da haka bawan Allah yake samun barcin awa huɗu.

"Gida sai ka ce shagon sabulu," in ji Gwaggo kullum. Amma ba ta taɓa mayar da jakar da ke ƙarƙashin nata matashin ba.

Mako biyu kafin dutsen, ɗinki ya sa wa Auta ciwon kai. Uwar ta gauraya man labanda da man kwakwa, ta riƙa shafa mata a goshi da wuyan hannu kowace yamma. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Ranar Laraba duwatsu uku suka faɗo, a daidai wancan lokacin. Aka zagaya bayan katanga, ba kowa sai wani tsohon kango da ciyawa ta cinye. Ranar Alhamis, bayan duwatsun, sai muryoyi suka biyo, ƙanana, daga can wajen kangon.

"Inna, taso. Inna, taso mu tafi."

Auta ta firgita. Nas kuwa ta yi abin da hannunta ya saba. Ta ƙara ɗigo, daga uku zuwa biyar, daga biyar zuwa tara. Ta ƙara jaka biyu a matashin yarinyar. Tsoron ya kwanta, Auta ta yi barci awa goma. Washegari sha huɗu. Aka same ta ta kifa kai a kan keken ɗinki, ƙafarta na kan feda.

"Wannan ba barci ba ne," Gwaggo ta ce, ba wasa a muryarta. "Ƙanin mutuwa ne ya zo ya tare."

A rana ta tara Auta ba ta farka ba. Likita ya zo ya duba, bai ga komai ba. Uban ne ya gane. Mutum ne da kunnensa ke rarrabe bugun agogo goma sha uku a ɗaki ɗaya. Ya zauna kusa da gadon ya kasa kunne, can ya ɗago.

"Numfashi biyu nake ji. Ɗaya nata ne. Ɗayan na tsohuwa ne."

Kwana uku Auta ba ci ba sha, leɓunanta suka tsattsage. A yammacin na ukun Gwaggo ta zo da Malam Dogo, wani dattijo masani mai ƙarancin magana. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya shaƙi iska.

"A kashe kyandir. A buɗe tagogi, a fitar da matashin nan, a wanke mata goshi."

"Malam, ai shi ke kwantar mata da hankali," in ji Nas.

"Hankalin wa, baiwar Allah?"

Nas ta ɗebo ruwa. Da hannunta ta wanke goshin.

Malam ya zauna ya fara karatu, ba gaggawa. Ƙamshin ya yi ta fita ta taga, duhu na shigowa a madadinsa. Ƙarfe shida da minti ashirin da biyu duwatsu suka zubo kamar ƙanƙara. Auta ta buɗe ido. Muryar da ta fito ba tata ba ce, tsohuwar murya ce mai gajiya.

"Wa ya tashe ni?"

"Ni ne. Wace ce ke, me kike nema a jikin 'yar mutane?"

"Maƙwabciya ce, daga kango. Shekara arba'in ban runtsa ba, tun da ɗana ya faɗa rijiya. Na bi ƙamshi na zo, na same shi a goshin yarinyar nan, na kwanta. Ban cuce ta ba. Masu jifan nan 'ya'yana ne, kirana suke."

"Kina kashe ta. Ki fita."

"A bar ni zuwa ƙarshen shekara."

"Ko zuwa isha'i ba za ta kai ba."

"To kwana ɗaya a mako."

"Jikin ba na haya ba ne. Ki fita da girmanki, ko na ci gaba da karatu."

Ya ci gaba. Jikin Auta ya sanƙare, haƙoranta na karo, jini ya ɗigo daga leɓenta. Nas ta riƙe ƙafar gadon tana kuka. Sai idanun suka juya suka sauka a kan uban.

"Mai Agogo, kai ka san abin da nake faɗa. Ina jin takunka a tsakar gida, kana jin nawa. Ka ba ni ƙamshin in tafi da shi. Duka. Kada ya sake shigowa gidan nan, don in na ji shi ba zan iya hana kaina dawowa ba."

Malam ya dakata. "Ba ta da hakki a kanka," ya ce wa uban. "Zan iya fitar da ita da ƙarfin karatu, in Allah ya so. Amma zai ɗauki lokaci, jikin yarinyar kuma ka gan shi."

"Ƙanena, in ka bayar, kai da barci kun yi hannun riga," Gwaggo ta ce a hankali.

"Na sani, Yaya."

Ya tashi. Tukunya bakwai ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya ya kai gindin kangon, sawu bakwai. Ya dawo ya kwashe jakunkunan, har da ta Gwaggo, da kwalbar man, da kaskon. Da ya ajiye na ƙarshe sai jifan ya tsaya. Auta ta yi atishawa sau uku, ta dubi uwarta.

"Mama, ƙishirwa nake ji."

Ƙarfe bakwai saura minti huɗu ne.

Waɗanda suka rage a gidan bayan wannan su ne: Auta, wadda ta koma kan kekenta bayan mako biyu, ba ta kuma tuna komai ba. Nas, wadda ba ta sake shuka fure ba. Gwaggo, wadda ta daina maganar shagon sabulu. Tabo bakwai, kamar zobba, da tukwanen suka bari a bakin taga, an goge sun ƙi fita. Agogo goma sha uku. Da Mai Agogo, wanda ya ƙara shekara shida a duniya yana zaune a kujera bakin ƙofar 'yarsa, idonsa biyu, yana sauraron numfashi ɗaya.