Ƙafar Alade a Tukunyar Rosemary

Sufeto Afiniki tana tsaye a rumfar masu citta na Kwoi, tana taya buhun da ba ta da niyyar saya, sai hayaniya ta tashi daga layin masu abinci. Ba hayaniyar biki ba ce. Duk wanda ya girma a Kafanchan ya san bambancin, ba sai an yi masa bayani ba.

Sajan Nuru ya iso a guje, hularsa a hannu.

"Madam, akwai matsala. An tsamo ƙafar alade a farfesun Rosemary."

Afiniki ta bar cinikin ta bi shi. Jiya aka buɗe bikin abinci da sana'o'in hannu da ƙungiyar 'yan kasuwa ta shirya a filin firamare, kuma Rosemary kwamiti ya ba babbar rumfar tsakiya, don ita ce kowa ke cin abincinta, Kirista da Musulmi. Gari duka ya san Malam Lawal mahauci ne ke yi mata yanka.

Kafin su isa, masu faifai da tukwanen ƙasa sun fara ɗaure kaya. 'Yan kwaleji suna sauke zane-zanensu daga igiya. Matasa sun rabu biyu ba tare da an raba su ba. Na bakin ƙofa suna cewa da gangan aka ciyar da su haram. Na wajen famfo suna cewa sharri aka ƙulla wa 'yar'uwarsu don an ga tana ciniki. A tsakaninsu babu komai sai rumfunan abinci da 'yan sandan da ba su kai a kira su runduna ba.

Afiniki ta kira DPO. Ya ce motar sintiri tana kasuwar Zangon Kataf, ta riƙe wurin har su dawo. Daga kan kujera wannan magana tana da sauƙin faɗa.

"Nuru, a kai Rosemary ajin can, a sa kurtu a ƙofa. Kada kowa ya taɓa tukunyar nan."

Wanda abin ya faɗo wa a kwano shi ne Jamiluddeen, mai sayar da huluna. Yana zaune a kan benci, ya yi amai har idonsa ya yi ja.

"Ka ci?" in ji Afiniki.

"Wannan ban ci ba, ranki ya daɗe. A ludayi ta taso, kowa ya gani. Amma na ci da safe. Ni da mahaifina muka ci." Ya goge bakinsa. "Dattijon da ya je Makka!"

Afiniki ta ɗauki cokali mai yatsu ta tsoma cikin tukunya. Naman akuya ya nuna lugub, yana zamewa daga ƙashi da kansa. Ta juya kan ƙafar da ke cikin kwano ta soka, cokalin ya ƙi shiga. Ta sa wuƙa ta tsaga, ciki ja wur, har da jini.

"Zo ka gani, Nuru."

Sajan Nuru, wanda bai taɓa ja da baya a gaban ɗan fashi ba, ya miƙo wuya daga can nesa.

"Ina gani daga nan, Madam."

"Akuyar nan tun asuba take kan wuta. Wannan kuwa ko tafasa ɗaya ba ta yi ba. Yanzun nan aka jefa ta." Ta dubi Jamiluddeen. "Abin da kuka ci da safe akuya ce zalla. Je ka gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Nuru, nemo Malam Lawal, ku je bakin ƙofa ku faɗi haka da babbar murya."

Ta san wannan zai sayo mata ɗan lokaci ne kawai. An rage masu tsoron sun ci, amma tambayar da ta fi zafi tana nan: wa ya jefa?

Ta sami Rosemary a ajin 'yan firamare, ta matse jikinta a kan ƙaramar kujera.

"Kin bar tukunyarki yau?"

"Ko taku ɗaya, Madam. Allah ya sani. Tun safe ina wurin."

"Ko bayan gida ba ki je ba?"

"Ban je ba."

Afiniki ta ƙare mata kallo. A gaban rigar Rosemary, daga kafaɗa zuwa ƙirji, akwai shafin farar ƙasa.

"Farfesu ake sa wa farar ƙasa yanzu?"

Rosemary ta dubi rigarta, ta sa hannu ta rufe, kamar hannu zai iya.

"Masu rawar garin Madakiya ne kaɗai suka shafa farar ƙasa a filin nan," in ji Afiniki. "Wa kika runguma?"

Sai kuka. "Emilia ne, Madam, yarinyana. Yau ne farko da ya shiga rawa. Na ce bari in leƙa kaɗan in dawo. Da suka gama ya gan ni, ya zo ya faɗa a jikina."

"To me ya sa kika yi mini ƙarya, ana neman ƙona ki?"

"In na ce na bar tukunya, za su ce laifina ne."

"Wa kika bari a layin?"

"Babu kowa. Da aka busa ƙahon rawa duka mun tafi. Mama Lucy ma ya ce in yi gaba, yana zuwa a bayana."

Rumfar Lucy tana jingine da ta Rosemary, zana ɗaya ce ta raba su. Lucy babbar mace ce, shugabar mawaƙa a zumuntar mata ta coci, kuma a hannunta Rosemary ta koyi girki kafin ta buɗe nata. Tun kafin a tambaye ta ta fara.

"Madam, ku saki yarinyan nan! Ni na rene shi a kicin. Ba zai yi wannan abu ba."

"Ban ce ta yi ba, Mama. Ina kike lokacin rawa?"

"Ina wurin rawa mana, kamar kowa."

"Kusa da wa kika tsaya?"

"A cikin wannan jama'a? Wa zai tuna?"

"Kina dafa alade?"

Lucy ta dafe ƙirji. "A nan? Yesu! Tun Kirsimeti hannuna bai taɓa naman nan ba." Ta sassauta murya, ta karkata kai wajen bakin ƙofa. "Ki tambayi masu kawo masa nama. Ba kowa ne ke so ɗan coci ya ci gaba ba."

Afiniki ta buɗe tukwanen Lucy ɗaya bayan ɗaya. Faten acca, shinkafa, miyar karkashi. Babu alade, babu ƙanshinsa. Amma duk a cike suke har baki, rana ta raba, kamar ba a buɗe biki ba. Ta mayar da murafen. Rashin ciniki ba laifi ba ne, in laifi ne da rabin kasuwa na ofishinsu.

Nan ne dutse na farko ya faɗo. Ya sauka kan kwanon rumfar Rosemary da ƙara kamar an fasa tulu. Wani ya amsa daga wajen famfo. Mata suka kwashi yara. Afiniki ta hango Malam Lawal a bakin ƙofa ya ɗaga hannu biyu sama yana roƙo, Nuru a gefensa yana share jini daga goshi da hularsa. Tsoro ya kama Afiniki sosai, irin wanda ta rabu da shi tun tana yarinya, ranar da ta kwana a barikin soja da uwarta saboda abin da bai kai wannan ba.

Tana ratsa layin masu atamfa don ta kai ga Nuru, sai ta ga wata tsohuwa zaune a kan tabarma, ta jingina da dilar kaya, ita kaɗai ba ta gudu ba. Hajiya Asibi ce, wadda ta fi kowa daɗewa tana sayar da atamfa a kasuwa. Gumi ya jiƙe mata goshi.

"Hajiya, tashi in fitar da ke."

"Ba zan iya ba, 'yar nan. Jiri nake ji. Ciwon sukari ne, na sha magani ban sa komai a ciki ba tun safe."

"Ga abinci ko ta ina, ba ki ci ba?"

"Ni abincin mutum ɗaya nake ci a kasuwa. Lucy. Shekara da shekaru ita ke zubo mini fate da rana, ko ina da kuɗi ko babu. Yau da aka tashi daga rawa na aika mata da kwanona, sai ta zo da kanta ta ce, Hajiya yi haƙuri, yau hannuna ba naki ba ne."

Afiniki ta durƙusa. "Me ke nan?"

"Haka muke da ita. Duk ranar da ta taɓa naman can, ba ta zuba mini da hannunta, ko ta wanke da sabulu. Ban taɓa roƙonta ba, ita ta ɗora wa kanta, don ta san ni da ƙyanƙyami. Sai ta ce mini hannunta ba nawa ba ne, in nemi wani wuri. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa..."

Tsohuwar ta tsaya. Afiniki ta ga lokacin da maganar ta isa kunnen mai ita. Bakin Hajiya Asibi ya kasance a buɗe, idonta ya ciko.

"Da safe fa?" in ji Afiniki a hankali.

"Da safe ta ba ni kunu. Da hannunta."

Afiniki ta sa aka kawo wa tsohuwar lemon kwalba, ta jira ta sha, sannan ta kama ta suka taka zuwa rumfar Lucy. Lucy na ganinsu tare ta nemi kujera ta zauna.

"Mama, kin ce tun Kirsimeti ba ki taɓa alade ba."

"Haka ne."

"To zuba wa Hajiya fate. Ga kwanonta. Ba ta ci komai ba tun safe, jiri na ɗibarta."

Lucy ta karɓi kwanon. Ta buɗe tukunya, ta ɗauki ludayi, ta cika shi. Hannunta ya tsaya a sama. Hajiya Asibi ta miƙo nata hannun tana jira, ba ta ɗauke ido daga kanta ba. Wani dutse ya sake faɗowa a bayan rumfa, babu wadda ta waiga.

Ludayin ya koma cikin tukunya.

"Ba zan iya ba," in ji Lucy.

"Don me?"

"Ni na sa." Ta faɗe shi ƙasa-ƙasa, sannan sauran ya zubo. "A leda na kawo shi, na ɓoye a buhun gawayi. Da suka tafi rawa na ɗaga zana. Madam, ni na koya wa yarinyan nan riƙe wuƙa. Farfesun da ake layi a kai, nawa ne. Kwamiti ya zo ya wuce ni kamar ba ni a wurin, ya ba shi rumfan tsakiya. Jiya tun safe ina kallon bayan mutane. Na ce za su kore shi daga biki ne kawai, ya ji kunya kwana biyu. Ban ce a yi jifa ba. Ban ce..."

"A Kafanchan kika tsufa, Mama," in ji Afiniki. "Kin san abin da kika jefa."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta ji ba ta son kallon matar. Amma aiki bai ƙare ba. Motar sintiri ta iso, tana bakin ƙofa, kuma babu hanyar kai Lucy can sai ta tsakiyar waɗanda ta so a ciyar da su alade.

Ta karɓi lasifikar mai gabatar da biki ta hau benci. Ta faɗa musu Rosemary ba ta da hannu, Malam Lawal ba shi da hannu, babu wani ɓangare da ya ƙulla wa wani. Mace ɗaya ce da baƙin cikinta, ta amsa laifinta, kuma kotu ce za ta yi da ita. Na wajen famfo suka yi tsit, duwatsu suka fara zamewa daga hannu. Na bakin ƙofa kuwa suka matso.

"A ba mu ita!" in ji wani.

Hajiya Asibi ta gyara mayafinta. Ta dubi Lucy, hawaye na bin kumatunta.

"Ni kika tausaya wa, Lucy. Sauran mutanen fa? Su ba su da baki?"

Lucy ta cusa hannunta na dama cikin zani. Tsohuwar ta zaro shi, ta riƙe gam.

"Mu je, Sufeto."

Haka suka ratsa filin, Afiniki a gaba, Nuru a baya da goshinsa a ɗaure, Lucy a tsakiya kanta a ƙasa. A bakin ƙofa babu wanda bai san Hajiya Asibi ba, rabinsu ita ta sayar wa iyayensu atamfar suna. Suka dubi hannunta, suka dubi abin da ta riƙe, suka dare.

Sai da Lucy ta hau mota, kurtu ya ce zai rufe ƙofa, sannan tsohuwar ta sake ta.